Auna Bakan Hasken Infirared na Iskar Haidirojin: Kwatanta Hanyoyi Biyu

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta hanyoyi biyu da masana suka bi wajen auna yadda iskar haidirojin ke zuƙar hasken infirared, wato hasken da ke bayan ja wanda ido ba ya gani. Nazarin ya nuna cewa kowace hanya da irin tambayar da take amsawa.

Gabatarwa

Molekul na haidirojin atom biyu ne iri ɗaya, don haka cajin lantarki bai rinjayi wani ɓangare ba. Saboda wannan daidaito, ko molekul ɗin yana karkarwa ko yana juyawa, hasken infirared kan ratsa shi kusan ba tare da ya ragu ba. Matsalar ba ƙarama ba ce, domin babu molekul da ya kai shi yawa a sararin samaniya.

Hanya ta Farko: Tsawaita Tafiyar Haske

A 1938 Gerhard Herzberg ya nuna cewa haidirojin na da wata zuƙa mai rauni ƙwarai da ake kira kwadirufol. A 1949 ya auna ta ta hanyar kafa madubai a bakunan dogon bututu mai cike da iskar, haske yana kai da komo har tafiyarsa ta kai kilomitoci.

Hanya ta Biyu: Ƙara Matsi

A 1949 ɗin kuma, Welsh da Crawford da Locke na Jami'ar Toronto suka matse iskar a cikin bututu. Duk lokacin da molekul biyu suka yi karo, cajinsu yakan karkata na ɗan lokaci, sai su zuƙi haske a wajen maikiromita 2.4.

Sakamako da Tattaunawa

Hanyar farko tana ba da siraran layuka masu tabbataccen matsayi. Da su aka tabbatar da haidirojin a duniyar Jufita a 1960, kuma a 1976 aka hango layin maikiromita 2.12 yana haskawa a gajimaren Oriyon.

Hanya ta biyu kuwa faffaɗan zango take bayarwa, saboda karon ba ya daɗewa. Ƙarfin zuƙar yana bin cunkoson iskar: idan cunkoso ya ninka sau biyu, zuƙa takan ninka sau huɗu, tun da sai molekul biyu sun haɗu take faruwa. Da irin wannan gwaji ne Herzberg ya gane haidirojin a duniyoyin Yuranus da Naftun a 1952.

Kammalawa

Mai neman sanin ginin molekul ya tsawaita tafiyar haske. Mai neman cunkoso da zafin iska ya ƙara matsi. Ba ɗayar da za ta maye gurbin ɗaya, don haka wajibi ne mai bincike ya fayyace tambayarsa kafin ya zaɓi kayan awo.