Farfaɗo da Kurmin Ciyawar Teku a Arewacin Kalifoniya

Kurmin ciyawar teku dogayen tsirrai ne masu tsirowa kan duwatsun ƙarƙashin ruwa mai sanyi, inda kifaye ke fakewa suna hayayyafa. A gaɓar arewacin Kalifoniya, a Amurka, fiye da kashi 90 cikin 100 na wannan kurmi ya ɓace tun daga 2014.

Masifu biyu ne suka haɗu. A 2013 wata cuta ta karkashe taurarin teku, waɗanda ke cin bushiyar teku, wata halitta mai ƙaya da ke kiwon ciyawar. Sai kuma ruwan ya yi ɗumi fiye da kima. Bushiyoyin suka yawaita, suka cinye kusan dukkan kurmin, har hukuma ta hana kamun katantanwar abalon, wadda ita ma ciyawar ce abincinta, a 2018, abin da ya taɓa aljihun garuruwan gaɓar sosai.

Tun 2020 aka ba 'yan sa-kai masu nutso izinin farfasa bushiyoyin da guduma a mashigin Caspar, cikin gundumar Mendocino. Aiki ne mai wahala, ɗaya bayan ɗaya, cikin ruwa mai tsananin sanyi. Masu bincike kuma suna rainon taurarin tekun a ɗakunan gwaji, da fatan mayar da su teku.