Tsohuwar Garaya a Cikin Kayan Gado: Mu San Ta Kafin Mu Sayar

Kwanakin baya, da aka zo rabon gadon wani dattijo a nan unguwarmu, an fito da tabarmi da akwatin ƙarfe da 'yan riguna, sai ga wani abu naɗe a tsohon buhu an ciro daga bayan gado. Da aka kwance, yaran gidan suka ce jita ce ta mutanen da. Wani ya ce gurmi ne, wani ya ce a'a, molo ne. Kafin la'asar labari ya kai kunnen wani mai sayen kayan tarihi, ya zo ya juya ta, ya ce ai ta lalace, amma zai taimaka ya ba da abin da bai kai kuɗin rabin buhun masara ba. Saura kaɗan a sallama, sai wata tsohuwa maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Kai, 'ya'yan nan, garayar Baba ce fa, da ita ya zo garin nan." Da ba ta leƙo ba, da mun sayar da abin da ko sunansa ba mu sani ba.

Garin da muke zaune shi kansa da ƙaura aka kafa shi. A farkon jihadi Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar Zariya da jama'arsa ya yo kudu, ya zauna wajen Zuba. Bayan rasuwarsa a 1825 ƙanensa Abu Ja ya gaje shi, ya kafa garin Abuja a 1828, wato Sulejar yau. Masu hijirar nan sun taho da sarautunsu da sana'o'insu, har da makaɗa da maroƙa da maharba. A zamanin Sarki Abu Kwaka, 1851 zuwa 1877, aka buɗe hanyar ciniki da Zariya da Bida, fatake suka riƙa shigowa. Mu kuwa yawancin iyayenmu daga baya suka zo, musamman bayan 1976 da gwamnatin Murtala ta ɗauki sunan Abuja ta ba sabon babban birni, garin nan ya koma Suleja da sunan Sarki Sulaimanu Barau. Aikin gina birnin ya jawo mutane daga Kano da Katsina da Sakkwato da Maraɗi, kowa da ɗan abin da ya ɗauko daga gida. Saboda haka tsohon abin kiɗa da aka tsinta a Suleja yana iya zama na zuriyar mutanen Makau, ko na fatake, ko na waɗanda suka zo neman aiki shekara arba'in da wani abu da suka wuce. Tambayar farko ke nan, ta wace hanya ya shigo garin?

Sai kuma a san ko mene ne shi, don kayan tsirkiya na Hausawa ba iri ɗaya ba ne, kuma kowanne da mutanensa. A fara da ƙirga tsirkiya, a dubi cikin. Garaya tsirkiya biyu gare ta, cikinta itace ne da aka sassaƙa aka rufe da fata, ana kaɗa ta da ɗan guntun busasshiyar fata mai tauri. Asalinta kiɗan maharba ne, da ita ake yi musu kirari, daga baya ta zama abar kiɗan 'yan bori tare da masu buta. Akwai babbar garaya, wadda wasu ke kira komo, mai cikin babban duma. Molo tsirkiya uku ne, cikinsa dogo kamar ɗan kwalekwale. Gurmi kuwa cikinsa ƙwarya ce zagayayya, an san shi da kiɗan 'yan kokawa, kuma da shi Haruna Uji na Haɗeja ya yi suna. Kuntigi shi ne ƙaraminsu, tsirkiya ɗaya tak, sau da yawa da gwangwanin kifi ake yin cikinsa a rufe da fatar akuya. Shi ne abin kiɗan Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. In kuwa aka ga izga a matsayin tsirkiya, ga kuma ɗan bakan da ake gogawa, to wannan goge ne ko kukuma, ba ya cikin wannan lissafi.

Abin da ya haɗa su duka shi ne yadda ake ɗaure tsirkiya. Sandar zagayayya ce, tana shiga cikin abin ta ƙarƙashin fata, tsirkiyoyin kuma da zobban fata ake ɗaure su a jikin sandar, makaɗi ya tura sama ko ƙasa har murya ta daidaita. In ka ga 'yan kunnuwan murɗawa irin na jita, to ko dai gyaran zamani ne ko abin ba namu ba ne. Wannan tsari tsoho ne ƙwarai, kuma ya bazu a Afirka ta Yamma. Bayin da aka ƙetara Sahara da su sun kai danginsa Maroko, inda 'yan Ginawa ke kaɗa gimbiri mai tsirkiya uku har yau, masana kuma sun nuna cewa banjo na Amurka daga irin waɗannan kayan kiɗa na ƙwarya da fata ya samo asali. Shi ya sa masu tara kayan tarihi a waje suke nemansu, shi ya sa kuma dillalai ke zagaya unguwanni irin tamu.

To yaya ake gane tsohuwa ta gaske? Hannu yana barin alama. A dubi sandar daidai inda yatsun hagu ke sauka, za a ga wurin ya yi santsi ya yi duhu, wani lokaci har ya ɗan lotsa. A dubi fatar inda ake kaɗawa, nan ma ta fi sauran wuri cinyewa. A haska cikin da tocila ta ɗan ramin da ke jikin fatar, aikin masassaƙin da yakan bar sawun gizago. Wadda aka yi jiya don masu yawon buɗe ido takan sha zane-zanen ƙuna da wuri da aka manna da gam, baƙinta kuma bai ɗaya ne ko'ina, don da hayaƙi ko man takalmi aka yi mata tsufan ƙarya. In ka goga da farin ƙyalle sai ya tashi. Sabuwar fata ko tsirkiyar roba ba aibi ba ne, makaɗa sun saba canja su in sun mutu, jiki da sanda su ne ke daɗewa. Abin tsoro shi ne tsagewar itace ko ƙwarya, da garin da ke zubowa in an girgiza, alamar ƙwari sun shiga.

Maganar kuɗi kuma kashi uku ce. Akwai kuɗin makaɗi, shi murya yake saye. Zai ɗan gasa fatar a rana ta ɗame, ya kaɗa, in ta amsa ya taya, in jiki ya tsage ko kyauta ba ya so. Akwai kuɗin dillalin kayan tarihi, shi tsufa yake saye, kuma abin da zai ba ka a ƙofar gida ba ya kusa da abin da zai karɓa a shagunan Abuja. Na uku shi ne darajar da suna ke ƙarawa, kuma mu a Suleja ba sai an yi mana dogon bayani ba. Tukwane nawa matan Gwari suka gina a ƙasar nan? Amma Sarki Sulaimanu Barau ya adana na Ladi Kwali a fadarsa, Bature Michael Cardew ya gan su, ta shiga makarantar tukwane ta garin nan a 1954, yau hotonta na kan takardar naira 20, tukunyar da aka tabbatar tata ce kuma ana gwanjonta da kuɗi mai tsoka a Landan. Haka abin yake ga garaya. Wadda aka san mai ita da garinsu da waɗanda ya yi wa kiɗa ta fi wadda ba a san asalinta ba nesa ba kusa ba, ko da itacensu ɗaya.

Akwai kuma doka. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta ɗauki aikin hannu na gargajiya da aka yi kafin 1918, ko wanda ke da muhimmancin tarihi kuma aka yi amfani da shi a bukin al'ada, a matsayin kayan tarihi. Irin wannan ba a sayar wa kowa sai hukumar ko wakilin da ta amince da shi, ba a kuma fitar da shi waje sai da takardar izini. Wanda ke zaton abin da ke hannunsa ya kai wannan tsufa, gara ya tuntuɓi gidan tarihi, kamar na Kaduna ko Gidan Makama a Kano, kafin ya saurari tayin kowa.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, abin da ke sa mu saurin rabuwa da irin waɗannan kaya ba talauci kaɗai ba ne, har da kunya. Jika ya yi karatu, ba ya son a ce kakansa makaɗi ne, balle a ambaci bori. Kowa da fahimtarsa a kan kiɗa, kuma ba mu ce wani ya koma ga abin da ya bari ba. Amma sanin tarihin gida daban, aikata shi daban. Wanda ba ya son ajiye ta a ɗakinsa yana iya ba wani ɗan'uwa, ko gidan tarihi, ko ya sayar da saninsa a kan kuɗin da ya dace.

Shawararmu ga duk gidan da ke da irin wannan ajiya ita ce kada a wanke ta, kada a shafa mata fenti ko mai, kada a cire layu ko ƙarafan da ke jikinta. A rataye ta inda ba laima, nesa da ƙasa saboda gara. A ɗauki hotonta gaba da baya, a zaunar da tsofaffin gida a naɗi muryarsu a waya, su faɗi mai ita da wanda ya sassaƙa ta da garin da ta fito da shekarar da aka zo da ita. A rubuta a takarda a haɗa da ita. In za a sayar, a nuna wa makaɗa biyu ko uku tukuna, kada a sallama a tayin farko.

Garayar dattijon nan dai tana nan a gidansu, magada sun yarda a bar ta a hannun babbar 'yarsa. Tsohuwar da ta gane ta ta zauna da jikokin yamma guda, ta ba su labarin farautar da aka riƙa yi a garinsu na asali, da yadda maharba ke miƙewa tsaye in an taɓa tsirkiyar nan. Ɗaya daga cikin yaran ya rubuta duka a littafin makaranta. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu riƙe abin da suka bari da sani.