DAGA KWANON TALLA ZUWA LEDAR INDOMIE: TARIHIN ABINCIN YARANMU

Maƙalar wannan makon ta leƙa madafi ne.

Akwai wani zargi da muke yawan ji a bakin manya, har ya fara shiga rubuce-rubucenmu, wai matan yanzu sun sangarce, ba sa girki sai saye, shi ya sa yara suke ta lalacewa da abincin leda. Idan muka waiwayi tarihi za mu ga cewa rabin farko na zargin nan bai tsaya da ƙafarsa ba. Bahaushe ya daɗe yana sayen dafaffen abinci, tun kafin a san leda a ƙasar nan.

A ƙarshen shekarun 1960 wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill ta zauna a Batagarawa, kusa da Katsina, tana nazarin yadda mutanen ƙauye ke neman abin sawa a baka, ta kuma fitar da littafinta Rural Hausa a 1972. Daga cikin abubuwan da suka ɗauki hankalinta akwai kasuwar da ba a gani, wato cinikin da matan kulle ke yi daga cikin ɗakunansu, wanda kaso mai yawa na dafaffen abinci ne, yara kuma su ne ƙafafunsa. Wata mai binciken, Enid Schildkrout, ta tarar da irin wannan tsari a cikin birnin Kano a shekarun 1970. Mu da muka tashi a cikin unguwa ba ma buƙatar Bature ya faɗa mana. A gidaje da yawa tuwon dare shi ne babban girki. Da safe ɗumame ne, ko a aiki yaro gidan mai koko da ƙosai. Da rana a sayo ɗanwake, ko alale, ko dambu, ko a dama fura. Dalili kuwa a fili yake: macen da za ta yi surfe, ta yi daka, ta yi tankaɗe, ta hura itace, ga raino ga sana'arta, ina za ta samu sararin ɗora tukunya sau uku? Kakanninmu mata ma ba su da lokaci. Sai suka raba aikin a tsakaninsu, wannan ta ƙware a waina, waccan a fura, kowa ya saya a wurin kowa.

Abin da ya canja shi ne abin da ke cikin kwanon. Kwanon talla na da cike yake da gero da dawa da wake da gyaɗa, da ganye irin su kuka da zogale da rama. Hatsin da aka daka a turmi ba ya rabuwa da dusarsa gaba ɗaya, wake kuma yana gina jiki, kuma dukkansu suna daɗewa a ciki kafin yunwa ta dawo. Zaƙi yana nan, amma da iyaka: zuma, dabino, rake, da mazarƙwailar da ake dafawa a wurare irin su Maƙarfi. Alkaki da nakiya da dubulan kayan gara ne da biki, ba abin da yaro zai sa a aljihu kullum ba. Ita kanta alkama kaɗan ake nomawa a fadamu, shi ya sa abincinta ya kasance na gidan masu hali ko na ranar sallah.

Kada dai mu yi wa zamanin da kwalliyar da ba tasa ba. Zamani ne na yunwa. Fari na 1913 zuwa 1914 ya jawo yunwar da aka yi wa laƙabi da Kakalaba, wadda ta kashe ɗimbin mutane a ƙasar Kano da arewacinta. Michael Watts ya bi diddigin wannan da waɗanda suka biyo baya a littafinsa Silent Violence na 1983. An sake shan wani farin a farkon shekarun 1970, wanda iyayen wasunmu sun gan shi da idonsu. Ko a shekarar da aka samu damina mai kyau, akwai watannin da rumbu ke yin ƙasa kafin sabon gero ya nuna. Al'ummar da ta sha wannan dole ta ɗauki ƙiba a matsayin shaidar rufin asiri. Yaro ya yi ɓulɓul, sai a ce tubarkalla, uwarsa ta iya raino. Amarya ta yi kumatu, sai a ce miji yana kula da ita. A wancan lokacin wannan ma'auni yana da gaskiya, domin yaron da ya tara tsoka shi ne ke tsallake ƙyanda da gudawa. Mun gaji ma'aunin, amma abincin da ake aunawa da shi ya zama wani daban.

Canjin bai zo rana ɗaya ba. Kamfanin Nigerian Bottling Company an kafa shi a 1951, ya fara zuba Coca-Cola a kwalba a Legas a 1953. Kamfanin 7Up ya fara aiki a 1960, shekarar samun 'yancin kai. A wannan shekarar aka kafa Flour Mills of Nigeria, injinsa na Apapa ya fara niƙa a 1962, daga baya Kano ma ta samu nata injin fulawa a Bompai. Sai kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, aka yi ƙarin albashin Udoji a 1974, jiragen ruwa suka riƙa sauke alkamar Amurka da shinkafar waje. Burodi da shayi suka zama karin kumallon ma'aikaci, teburin mai shayi ya kafu a kowace kwana. Wasu masana biyu 'yan ƙasar Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, sun rubuta littafi a 1985 mai suna The Wheat Trap, suna nuna yadda ƙasar ta saba da abincin da ba ta iya noma shi da yawa. Gwamnatin Babangida ta haramta shigo da alkama a 1987, amma baki ya riga ya saba, aka ɗage haramcin a 1992. A cikin waɗannan shekaru ne kuma Maggi ta ture daddawa gefe a tukunyar miya, har sunanta ya zama sunan duk wani ɗanɗano mai ƙunshi.

Makaranta ma ta taka tata rawar. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kwashi yara da yawa daga tsakar gida da safe, kuɗin tara ya zama dole, kuma yaro da kuɗi a hannunsa a bakin makaranta shi ke zaɓar abin da zai ci. Da farko masu gurasa da rogo da ƙuli ne ke jiransa. Yau biskit ne da alawa da lemon roba.

Sai Indomie. Taliya mai saurin dahuwa wani ɗan Japan mai suna Momofuku Ando ne ya ƙirƙiro ta a 1958. Ita Indomie 'yar Indunusiya ce, ta fara shigowa Najeriya a 1988, aka gina mata masana'anta a Ota ta jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990, daga baya aka buɗe wata a Kaduna. A yi mata adalci, ba da tsafi ta ci kasuwa ba. Tana dahuwa cikin 'yan mintuna, ba ta cin gas ko kalanzir, yaro ɗan shekara goma zai iya dafa wa kansa, kuma ba ya ƙin ci. Uwar da za ta fita aiki ƙarfe bakwai, ga yara uku da za a shirya, wannan ba ƙaramin taimako ba ne a wurinta. Aikin da mai koko ta yi wa kakarta shi ledar take yi mata. Bambancin shi ne fulawa ce da aka cire wa dusa, aka soya a mai, aka haɗa da garin ɗanɗano mai gishiri da yawa. Idan ba a sa mata ƙwai da ganye ba, ciki ya cika amma jiki bai samu abin gini ba, kuma ba a jimawa yunwa ta dawo.

Lemon da ake korawa da shi ya fi zama abin dubawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a rana, in da hali ma ya yi ƙasa da kashi 5, wato wajen cokalin shayi shida. Robar lemo guda mai rabin lita da cikakken sukari tana iya wuce cokali goma. Kuma sukarin da aka sha a ruwa ba ya ƙosarwa, yaro zai shanye ya nemi abinci kamar bai sha komai ba.

A nan dole mu yi hattara da alƙaluma, don kada mu ɗauko matsalar Amurka mu jibga wa ƙauyukanmu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, a Arewa maso Yamma ma adadin ya kai kashi 57. Masu nauyin da ya wuce kima kashi 2 ne kacal. Babbar damuwarmu har gobe tamowa ce. Sai dai a duniya baki ɗaya, yara da matasa masu shekara 5 zuwa 19 da nauyinsu ya wuce kima sun tashi daga kashi 8 a 1990 zuwa kashi 20 a 2022, kuma biranenmu suna kan wannan hanya. Matsalolin biyu suna iya haɗuwa a jiki ɗaya. Yaro zai yi teɓa alhali jininsa bai isa ba. Likitoci sun kuma gano cewa wanda ya tsumbure yana ƙarami, in ya girma ya faɗa cikin sukari da mai, ya fi saurin kamuwa da ciwon suga da hawan jini.

To ina ruwan marubuci? Mu duba teburin cin abincin da muke shimfiɗawa a labaranmu. In za mu nuna gidan Alhaji mai kuɗi, sai mu jera soyayyar shinkafa da kaji da lemon kwali, firij cike da kayan zaƙi, ɗan autan gidan kuma ɓulɓul. In za mu nuna talauci, sai mu ɗora wa yarinya kwanon ɗanwake ko kwaɗon zogale, har da hawaye. Ma'aunin zamanin Kakalaba ne muke ta maimaitawa ba mu sani ba, ga masu karatun da yawancinsu iyaye mata ne matasa. Akwai kuma kuskuren zamani: mun taɓa karanta labarin da aka ce ya faru a shekarun 1970, amma uwa tana dafa wa yaro Indomie.

Tsohon tsarin bai mutu ba, sauya kama ya yi. Yanzu ana sayar da garin ɗanwake da garin kunun gyaɗa da na tamba a ƙulle, mata ne ke haɗawa a gida suna tallarsa ta WhatsApp maimakon kan 'ya'yansu. Da garin a hannu, ɗanwake bai fi taliya cin lokaci da wani abin kirki ba. Wake da aka dafa da dare yana kaiwa safe, ɗumame kuwa bai taɓa buƙatar talla ba. Zoɓo da kunun zaƙi ne kawai ba za mu wanke su ba, domin yadda wasu ke zuba musu sukari yanzu, ba su da maraba da lemon kwalba.

Gwamnati ma ta ɗan motsa. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, aka fara karɓa a 2022. A kan robar rabin lita naira biyar ke nan, kuɗin da a yau ko ƙosai ɗaya ba zai saya wa yaro ba a bakin makaranta.