DAGA SARKIN ƘOFA ZUWA HARAJIN DAJI

Jama'a, duk lokacin da na ji an ce 'yan bindiga sun aza wa wani ƙauyen Sabon Birni ko Isa haraji, sai in tuna cewa biyan kuɗi a kan hanya tsohon abu ne a ƙasar Gobir. Amma a da mai karɓa yana da mazauni, yana da suna.

Fatake masu jakuna da Buzaye masu raƙuman gishiri in sun iso birni, ƙofa ce ke tare su. Ƙofar ganuwa gini ce ta tubali mai kauri, kamar dogon zaure, an rufe ta da azara, ga ƙyaure mai nauyi da ake ja da dare. Nan sarkin ƙofa ke zama. Madugu ya biya a madadin ayari, a kai su zango su sami ruwa da makwanci. In gulbi ya kawo, a biya kuɗin fito a ƙetare. Kalmar nan ce har gobe muke kiran kuɗin kwastan da ita.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, gwamnatin Lugga ta kafa nata wuraren karɓar kuɗin ayari, aka soke su a 1907. Ingila da Faransa kuma suka ja iyaka, Tsibiri da Maraɗi suka faɗa can, Sabon Birni da Isa nan. Bagobiri ya koma baƙo a hanyar gidan ɗan'uwansa. Su kuwa tolget na titunan tarayya, Obasanjo ya sa aka rushe su wajen 2004.

To, abin lura shi ne, sarkin da ya karɓi kuɗin fatake ya ɗauki nauyin hanya. In fashi ya yi yawa, ayari ya sauya hanya, kasuwarsa ta mutu.

Yau fa? A Disambar 2021 an ƙona matafiya cikin mota kusa da Gidan Bawa. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanya, ya rasu a hannunsu. Manomi ya biya daji, direba ya biya a shinge, ya kuma biya gwamnati, amma ba wanda ya lamunce masa ya isa gida.

Ni dai tambayata ga masu mulki: tunda kuna karɓa, ina hanyar? Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, amin.