Dokin Damagaram da zafin kansa

Duk wanda ya san barga ya san dokin da ya fi gudu ba kasafai yake da sauƙin kai ba. Akwai mai turjiya a bakin ƙofa, akwai mai tutsu da zarar ya ji ganga, akwai wanda mutum ɗaya tak ya yarda ya ɗaura masa sirdi. Mai saye a yau yakan kira wannan aibi, ya nemi ragi. Tarihin Damagaram kuwa ya nuna masarautar da gangan ta yi renon wannan zafin kai, ta kuma raya sana'a sukutum don zama da shi.

A duba abin da ake hawa. Sarki da baradensa ingarma suke hawa, goɗiya ta haihuwa ce. Ingarman fada ba ya fita kiwo. Yana ɗaure a turke, ana kawo masa gero da dusa da harawa, ana jiƙa masa kanwa, wadda ƙasar Manga da ke gabas ba ta rasa ta. Dabbar da ta ƙoshi haka, ba ta da aiki sai kilisa, dole jininta ya tafasa, kuma masu barga sun fi kowa sanin haka. Da lafiyayyen doki suke so, da sun fiɗiye shi, kamar yadda ake yi wa yawancin dawakin tseren tsallake shinge a Ingila, irin wanda ake yi a Aintree tun 1839. Sun bar shi da ƙarfinsa, suka nemi dabara a wajen maƙeri da baduku: linzami mai zoben da ke kama haɓa, ƙaimi, da sirdi mai tudu gaba da baya wanda ke riƙe mahayi ko doki ya yi tabarya. Zaman garin ma ya taimaka. Tun da Sarki Sulaiman ya mai da gadon sarauta Zinder wajen 1812, fada tana kan mahaɗar Asbin da Barno, ƙasashe biyu da suka yi suna da dawaki.

Wani zai ce ai ƙarfin Damagaram a bindiga yake. Gaskiya ne Tanimun, wanda ya yi mulki har 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara bindigogi ta hanyar fataucin Tarabulus, har ya sa aka ƙera igwa a cikin garin. Amma bindigar ɗuri tana harbi ɗaya ne a tsaya a sake ɗura ta, igwa kuma ba ta bin wanda ya gudu. A wannan ɗan tsakanin ake bukatar dabbar da za ta kutsa cikin hayaƙi da ihu ɗauke da lifidi, kuma mai sanyin zuciya ba ya yin haka. Sa'ad da Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga ya kai yaƙi har Gezawa a 1898, zamanin Sarkin Kano Alu, tafiyar fiye da kilomita 200 ce daga gida, kuma a bayan doki manyan yaƙinsa suka yi ta.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa rabin tutsun nan azaba ce ta haife shi. Ba za a musa ba. Linzamin gargajiya a hannun wanda bai iya ba yana yanka baki har jini, kuma dokin da aka cuta yakan riƙe abin a ransa shekara da shekaru. Sai dai wannan ne dalilin da ya sa fada ta ɗora barga a wuyan shamaki, ta mai da kula da doki sarauta. Gwanin mahayi da ɗan motsin yatsa yake magana da dokinsa, fizga aikin ɗan koyo ce.

A yaƙin Tirmini, ƙarshen watan Yulin 1899, bindigogin Faransawa masu saurin harbi suka raba dokin Damagaram da fagen fama. Barga ba ta mutu ba, ta koma ga sukuwa da hawan salla. Har yau a ƙofar fadar Zinder mahayi yakan saki ingarma a guje, ya zame shi daf da sarki cikin ƙura, ya ɗaga hannu ya yi jinjina, dokin yana huci yana taunar linzami.