Dawar Zazzau da Ƙarshen Damina

Da jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, Sabon Gari ta tashi a gefen tasha, kuma abin da kamfanonin Turawa suke nema a wajen manomi bai wuce auduga da gyaɗa ba. A 1922 aka kafa tashar binciken noma a Samaru, wadda ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Shekara da shekaru malaman gona suna yi wa iyayenmu huɗuba ɗaya: kowane amfani da gonarsa, layi-layi, ban da cakuɗa. Iyayenmu su ce to, su koma su zuba gero da dawa da wake a kunya ɗaya.

Ni dai ina ganin su ne suka fi sanin ƙasar nan, kuma daga baya Samarun ce da kanta ta ba su gaskiya.

A ɗauki dawa, kara guda. Farafara ko ƙaura, ko da ruwan fari ka shuka ta ko ka makara da mako uku, kusan lokaci ɗaya za ta yi ciki ta fid da kai. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, cewa yake yi dawa ba ta bin mai gona, lokacinta take bi. Wani masani, D. L. Curtis, ya wallafa dalilin a 1968: tsawon yini take aunawa. Tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta a Zariya bai kai awa ɗaya da rabi ba, amma wannan ɗan bambancin ya ishe ta. Ya kuma gano cewa dawar kowane yanki tana fid da kai daidai lokacin da ruwa ya saba ɗaukewa a garinsu. Ta Katsina da wuri, ta kudancin Zazzau a makare. Shi ya sa ƙwayar take nuna a busasshiyar iska, ba ta yin fumfuna. Kuma da yake gonakin ƙauye duk tare suke nuna, ɓarnar tsuntsaye sai ta rarrabu, ba ta sauka a kan mutum ɗaya. Ba wanda ya tsara wannan a takarda. Kakanni ne suka yi ta ware zangarniyar da ta fi kyau su ajiye iri.

Gonar gaba ɗaya ma zaman maƙwabtaka ce. Gero ya yi sauri, a girbe shi cikin marka, ya bar wa dawa fili da rana. Wake ya shimfiɗu a ƙasa, ya danne ciyawa, ya bar wa ƙasa ƙarfi. Gawo kuwa da damina yake kakkaɓe ganye, don haka ba ya yi wa shuka inuwa. Har ƙuduji, maƙiyin dawa, yana da nasa kunnen: irinsa yana kwance shekaru a ƙasa, ba ya tsira sai ya ji ruwan da saiwar dawa ke fitarwa.

Daga 1966 zuwa 1967 wani masanin Samaru, David Norman, da abokan aikinsa suka bi manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, gona-gona, suna lissafi. Suka tarar gonar haɗaka ta fi kawo kuɗi a kowace eka, kuma ta fi tsare mai gida a shekarar da ruwa ya yi gardama. Farin 1973 da annobar da ta cinye gyaɗa a 1975 sun nuna abin da ke samun wanda ya jingina da amfani ɗaya.

Daga nan masara da takin zamani suka mamaye Zazzau, kuma ba zan raina su ba, sun cika rumbuna. Amma Hanwa da aka yi wancan lissafi yanzu gidaje sun cinye yawancin gonakinta. A kasuwar Sabon Gari irin masara na leda ya cika shaguna, wanda sai ka sake saye kowace shekara. Tsohuwar farafara kuwa babu mai sa ta a leda. Tana hannun tsofaffin ƙauye, kuma duk wanda ya rasu ba a karɓi irinsa ba, dawar da ta dace da ruwan garinsu ta tafi ke nan.