Goman farko: abin da jerin finafinan ɗalibaina ya tona mini

Ana saura mako guda a tafi babban hutu, an gama jarrabawa, yara sun riga sun aika hankalinsu gida, sai na ce da ƴan ajina kowa ya yago takarda ya jera mini finafinai goma da suka fi burge shi, daga na ɗaya har na goma. Duk malamin da ya taɓa riƙe aji a Maraɗi cikin watan Yuni ya san irin wannan dabara. Ajin da sai an roƙa ake ɗaga hannu a darasin tarihi, ran nan sai da na buga tebur kafin a yi shiru. Wasu na cewa Labarina, wasu Izzar So, samari sun kafe a kan KGF da Baahubali, wani ya rantse ba a taɓa yin kamar Black Panther ba. Na ce ai Labarina da Izzar So masu dogon zango ne, suka ce, "Mushe, fim fim ne." Na ƙyale su.

Da dare na bi takardun ɗaya bayan ɗaya. Mafi tsufan abin da na gani shi ne Sangaya, na Kano, wanda ya fito a 1999, shi ma yarinyar da ta rubuta shi ta ƙara a gefe cewa innarta ce ke son waƙarsa. Na Nijar kuwa babu ko ɗaya. Washegari na tambaye su wane ne Oumarou Ganda. Wani yaro da ya taɓa yin hutu a Yamai ya ce gidan wasa ne, can ake kiɗa. Bai yi ƙarya ba, akwai cibiyar al'adu mai wannan suna. Mai sunan ne bai taɓa ji ba.

Ban yi faɗa ba, don na tuna kaina. Da an ba ni wannan aiki ina shekarunsu, Sholay zan sa a sama, sai Disco Dancer, sai duk abin da Bruce Lee ya fito a ciki. Silimar da na sani fili ce mai katanga ba rufi, a jira duhu ya yi, masu kuɗi su zauna a baya, mu kuma mu yi gaba mu ɗaga wuya. Abin da aka kawo shi muke kallo, kuma Indiya da Sin da kaboyi ake kawowa. Ni ma sai da karatu ya kai ni Yamai kafin na ga fim ɗin Ganda.

Ita wannan al'ada ta jera finafinai tana da nata tarihin. Jerin da ya fi suna a duniya na wata mujalla ce ta Ingila, Sight and Sound, wadda tun 1952 take tambayar masharhanta, duk bayan shekara goma, su faɗi finafinan da suka fi. A karon farko wani fim na Italiya kan talakan da aka sace wa keke, wanda Vittorio De Sica ya yi a 1948, shi ya zo na ɗaya. Daga 1962 har 2002 Citizen Kane na Amurka ya riƙe kambun sau biyar a jere, har mutane suka ɗauka hukunci ne da ba ya tashi. A 2012 Vertigo ya ture shi. A 2022 kuma Jeanne Dielman, fim na fiye da awa uku da wata mata ƴar Beljiyam, Chantal Akerman, ta yi a 1975 kan rayuwar wata uwar gida, shi ya haye sama. Ko hoto ɗaya bai canza a cikin waɗannan finafinai ba. Masu zaɓen ne suka canza: 846 a 2012, 1,639 a 2022.

Abin da ya fi jan hankalina a jerin shi ne rabon Afirka ta Yamma. Touki Bouki na Djibril Diop Mambéty, ɗan Senegal, ya fito tun 1973, amma sai da aka gyara tsohon faifansa a 2008, aka sake yawo da shi, sannan ya shiga ɗarin farko a 2012. La Noire de... na Ousmane Sembène, na 1966, an gyara shi a 2015, ya shiga a 2022. Wato mai zaɓe, ko farfesa ne a Landan ko ɗan kolej a Maraɗi, abin da idonsa ya gani yake rubutawa. Ɗalibaina ba su yi wa finafinan Nijar hukunci suka kayar da su ba. Ba a taɓa gabatar musu da su ba.

Alhali kuwa akwai lokacin da Nijar ke sahun gaba. Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942 a N'Dounga, bakanike ne tun farko, kuma yana yaro yake haɗa wa mutane wasan inuwa da fitila da kwali. Ya yi aiki tare da Bafaranshen nan Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ga yadda Norman McLaren ke motsa zane, ya dawo. A 1962 ya yi Aouré, kan aure a ƙauyen Zabarmawa. A 1966 ya fitar da abu biyu da har yau ba su tsufa ba. Ɗaya Bon voyage Sim ne, zane mai motsi na minti biyar, inda shugaban ƙasar kwaɗi ke tafiya ziyarar aiki, ana yi masa fareti da jiniya. Duk wanda ya taɓa fito da ƴan lakwal bakin hanya cikin rana don tarbar babban baƙo zai gane inda aka dosa. Ɗayan shi ne Le Retour d'un aventurier: wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka ɗauki sunayen jaruman silima, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu da sata da duka, har wasa ya kai ga jini. Shekara kusan sittin ke nan, amma tambayar da muke yi a taron iyayen yara ita ce dai a ciki: me kallo ke mayar da ƴaƴanmu?

Shi kuwa Ganda, an haife shi a Yamai a 1935. Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indocin. Da ya dawo bai sami abin yi ba, ya tafi Abijan yana dako a tashar jirgin ruwa, can Rouch ya same shi ya sa shi a Moi, un noir na 1958. Daga baya ya ɗauki kyamara da hannunsa ya ba da labarinsa da kansa. Cabascabo, wanda aka nuna a bikin Cannes a 1969, labarin tsohon soja ne da ya dawo da ƴan kuɗinsa, abokai da maroƙa da mata suka taya shi cinyewa, suka watse. Sai Le Wazzou polygame, wato wa'azin mai mata da yawa: Alhaji ya dawo daga Makka, ya sa ido kan yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta, ya aure ta ta uku, kishi ya kai ga kisa, kuma aka kashe wadda ba ita aka nufa ba. A 1972, shekarar da bikin FESPACO na Wagadugu ya fara ba da babbar kyautarsa, wannan fim ne ya ɗauke ta. Ɗan Nijar ne farkon wanda ya riƙe ta a duk Afirka. Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981, yana da shekara 45, kuma har yau akwai kyauta mai sunansa a FESPACO.

Bayan nan abin ya yi ta ja da baya. Kuɗin uraniyom ya ragu a shekarun 1980, bidiyo ya shigo gidaje, gidajen silima suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Djingarey Maïga ne ya ƙi ajiye kyamara, ya yi ta fitar da finafinansa masu kalmar "baƙi" a suna, tun daga L'Étoile noire na 1976. Wanda ke son ganin abin da zamanin ya bari ya nemi Al'lèèssi na Rahmatou Keïta, kan Zalika Souley, jarumar da ta fito a finafinan Alassane da na Ganda. Ta sha zagi a titi saboda mutane ba su raba ta da miyagun matan da take fitowa a matsayinsu, tsufa kuma ya same ta cikin rashi. Ta rasu a 2021. Nan ya kamata in faɗi wani abu da ba a cika son faɗa ba: yawancin waɗannan tsofaffin finafinai da Zabarmanci da Faransanci aka yi su. Lokacin da kaset ɗin Kano ya fara tsallako iyaka bayan Turmin Danya na 1990, Bahaushen Maraɗi da Damagaram ya ji harshensa a akwatin tele, kuma ba wanda zai ga laifinsa don ya bi inda ake magana da shi.

Sai dai wannan uzuri ya ƙare, don na baya-bayan nan da Hausa suke magana. Sani Magori, ɗan Galmi, ya yi Pour le meilleur et pour l'oignon a 2008, inda ɗaurin auren wata yarinya ya rataya kan farashin albasa. Ya biyo da Koukan Kourcia: ya ɗauki tsohuwar zabiyar da waƙoƙinta suka zuga samarin da suka tafi cirani, ya kai ta har Abijan ta yi wa mahaifinsa waƙar da za ta dawo da shi gida. Aïcha Macky, ƴar Damagaram, ta yi L'Arbre sans fruit a 2016 kan matan da ba su samu haihuwa ba, ta fara da kanta, fim ɗin ya ci kyautar AMAA. A 2021 ta yi Zinder, ta shiga unguwar Kara-Kara, inda a da ake ware kutare, ta zauna da samarin ƙungiyoyin da ake kira palais, masu ɗaga ƙarfe da masu fasa-ƙwaurin mai.

To, tunda na sa yara sun jera, ni ma ba zan noƙe ba. Cabascabo nake sawa a sama, a kan Wazzou mai kyautar. Wazzou ya ɗan cika nuna yatsa, mai kallo ya san mai laifi tun kafin a yi nisa. A Cabascabo kuwa ba ka da wanda za ka tsana sai halin mutane, kuma duk gidan da ɗan cirani ya taɓa dawowa da jaka cike ya wayi gari ba ko dala, sun san labarin. Na biyu Le Retour d'un aventurier, duk da cewa sautinsa ya gaji kuma wasan wasu a ciki na ƴan koyo ne. Na uku L'Arbre sans fruit, wanda na fifita a kan Zinder. Zinder ya fi shi kyan hoto, ya kuma fi shi yawo a duniya, amma ina ɗan jin tsoron yadda baƙo zai kalle shi ya ɗauka duk Damagaram ke nan. Shi kuwa na farkon ya shiga ɗakin da mu maza ba mu shiga, na fito daga kallonsa ina jin kunyar wasu maganganu da na taɓa yi a kan matar wani ɗan'uwana. Sai Koukan Kourcia, sai Wazzou, sai Toula na Alassane, na 1973, labarin fari da yarinyar da aka ba da hadaya don a sami ruwa, wanda ya fito daidai lokacin da fari ke cin Sahel. Wani malamin zai juya jerin nan, kuma ina maraba da gardamar, in dai ya kalla.

Kallon ne wahala. A 2017 gidan adana kayan fasaha na MoMA a New York ya nuna finafinan Alassane a jere, mutumin da ya yi ƙarshen rayuwarsa a Tawa ya rasu a 2015. A Oktoban 2024 hukuma ta cire sunan Jean Rouch daga cibiyar al'adun nan ta Yamai ta sa na Moustapha Alassane. Na ji daɗin karramawar. Amma yaron nan nawa zai ƙara sanin wani gini ne kawai, in ba a kai fim ɗin aji ba.

Ranar ƙarshe kafin hutu na aro majigi, na rataya farin zane a allo, muka toshe tagogi da tabarmi, na sa musu Le Retour d'un aventurier daga wani kwafi mai dishi-dishi da wani abokina ya turo mini. Minti talatin da ƴan kai ne. Da farko dariya suke yi wa hulunan da wandunan. Da aka zo inda samarin suka fara dukan mutanen garinsu, sai aji ya yi tsit. Bayan an gama na mayar wa kowa takardarsa, na ce wanda ke son gyara ya gyara. Da yawa ba su taɓa komai ba. Yarinyar nan mai Sangaya ta soke na bakwai ta rubuta shi a wurin. Wani daga cikin ƴan KGF ya ce shi ba zai sa shi ba, faɗan bai yi kyau ba, amma yana son a tura masa a waya ya nuna wa babansa, don ya ce tsohon yana da irin wannan hular a cikin akwati.